Damagaram Daga Cikin Gida



Wanda ya shigo Damagaram ta hanyar Yamai, bayan tafiyar kilomita wajen 900, abin da idonsa zai fara cin karo da shi duwatsu ne, manya-manya, curarru, wani bisa wani kamar da hannu aka ɗora su. Bayan duwatsu sai katangu, jajaye, dogaye, masu zanko a kusurwa. In da rani ya zo, zai rantse garin nan ba shi da ɗanyen ganye in ban da bedin bakin hanya. Ba laifinsa ba ne. Baƙo namiji iyakarsa zaure, shi ya sa matafiyan da suka ba da labarin garin suka cika takardunsu da zancen fada, da ganuwar Sarki Tanimun, da dukawa da kasuwa, amma ba su ce uffan ba game da wurin da rabin mutanen garin suke wuni. Ni da yake mace ce, ga kuma dangi a Birni da Zango, zaure bai tare ni ba. Na yi kwanaki ina shiga gida ina fita, kuma abin da na gani a tsakar gidajen nan shi nake so in kawo muku, domin kowace ɗayarmu tana da tsakar gida, ko da faɗinta bai wuce shimfiɗar tabarma 3 ba.

Ba a fahimtar tsakar gidan Damagaram sai an fara da ruwa. Garin bisa dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta ajiye ruwa mai yawa. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka kai Yamai a 1926, bayan Damagaram ta riƙe matsayin tun 1911. Ruwan pampo daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma in bazara ta yi tsanani akan wayi gari a wasu unguwanni pampo ya yi shiru, sai a koma sauraron masu ga-ruwa da bidunansu. Wanda ya sayi ruwa da kuɗinsa ba zai kwarara wa itace ba. Saboda haka duk itacen da kuka gani kore shar a cikin gida, ruwan da ya riga ya yi aiki sau ɗaya yake sha.

Wannan shi ne ya tsara gidajen, ba wani mai zane ba. A gidan da na sauka, dutsen da ake zama a kai a yi alwala yana gindin lemun tsami, an yi masa ɗan gurbi kamar akushi, ruwan salloli 5 na mutanen gida duka nan yake gangarawa. Randar sha tana ƙarƙashin inuwa bisa yashi, kuma a inda take tsattsafo an dasa na'ana'a ta shayi, wadda ba a taɓa ba ta ruwa da gangan ba. Ƙasarin gero na tumaki ne, ruwan wankin shinkafa da na ganye na gwanda ne. Ruwan sabulun wanka an bar wa bedi, domin shi ba ya zaɓe. Amma ruwan omo da na jabel ba ya zuwa gindin kome, rami aka yi masa daban aka cika da tsakuwa. Uwargidan, wadda duk gida ke ce wa Inna, ta ga wata jikarta ta nufi gindin lemu da bahon wanki, ta ce mata, «Ke ƴar nan, lemun nan ya girme ki, kada ki kashe mini shi.» Yarinya ta juya ba musu.

A wani gida a Zango na ga dabarar da ta fi wannan. An binne tulu irin na Mirya har wuya kusa da ɗan dashen gwaba, aka rufe bakinsa da faifai da dutse a kai. Ana cika shi bayan kwana 3 ko 4, shi kuma yana gumi a hankali cikin ƙasa, daidai inda saiwa take. Rana ba ta samun rabonta, sauro bai samun ƙofa.

Sarkin itatuwan gida a yau bedi ne, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, wasu darbejiya. Yara sun ɗauka tun fil azal yana nan, alhali baƙo ne daga ƙasar Indiya, a zamanin Turawa ya iso ƙasashenmu. Kafin shi, inuwar ƙofar gida ta durumi ce da ceɗiya, ta cikin gida kuwa kurna. Ba na musun alherin bedi: yana jure fari, akuya ba ta cika damuwa da shi ba in ya tasa, gara ba ta son katakonsa, ga asuwaki kyauta. Sai dai ana dasa shi ba tare da tunanin shekara 15 masu zuwa ba. Ana kafa shi taku 2 daga katanga don ya bar fili, sai saiwarsa ta bi danshi ta shige ƙarƙashin gini, ta tsaga bango, wani lokaci ta faɗa masai. In katangar ta tarayya ce da maƙwabci, to an dasa shari'a ne ba inuwa ba. Na ji labarin gidaje 2 da suka daina aika wa juna tuwo saboda reshen da ke zubar da ganye bisa soron ɗayan. Dattawan Birni suna sa bedi a ƙofar gida ko a tsakiyar fili, su bar gefen bango ga masu guntuwar saiwa: lalle, da zogale, da gwanda, da soso ko duma da za su hau rumfa.

Zogale kam ba gidan da na shiga ban same shi ba. Zabarmawa sun yi daidai da suka sa masa suna windi-bundu, wato itacen gida. Abokin gabarsa wata ƴar tsutsa ce koriya, wadda take saƙa zare tsakanin ganye ta cinye su, a wayi gari itace ya zama tsinke. A nan ne na ga abin da ya tayar mini da hankali, amma bari sai mun zo kan maganar guba.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne yadda ƙasar tsakar gida take fes, ba ciyawa ko ɗaya. Wanda ya saba ganin gidajen talabijin da koren haki shimfiɗe zai ce talauci ne. Ilimi ne. Ƙasar da aka share da asuba allo ce, duk abin da ya bi ta kanta da dare sai ya bar rubutu: jan cikin maciji, sawun ɓera, layin cinnaka, sabon ginin gara. Mai shara tana karanta wannan kafin ta shafe shi da tsintsiya. Kunama ba ta zama a fili, tana son ƙarƙashin tubali, da tsohon kwano, da tarin itacen girki, da takalmin da aka bari a waje. Gidan da ba shi da tarkace a gefen bango ya rage mata masauki. Da can mata kan taru su yi daɓe, su buge ƙasa da maɗaɓi, su shafe ta da ruwan makuba ko na bagaruwa har ta yi santsi da sheƙi. Yanzu siminti ya kore daɓe daga yawancin ɗakuna, kuma ƴan matan da suka iya riƙon maɗaɓi sun yi ƙaranci, amma tsintsiya tana nan daram.

Babbar abokiyar gabar gidan ƙasa gara ce, kuma yaƙi da ita ba ya ƙarewa. Ba ta son haske, ba ta son busasshiyar iska, shi ya sa take gina wa kanta rufaffiyar hanya ta laka a jikin bango, siririya kamar jijiya, tana hawa har ta kai rufi. Magina na dā sun san ta sarai. Shi ya sa suka zaɓi azara ta giginya, wadda ƙarfinta ya fi bakin gara, kuma akwai soraye a Birni da azararsu ta ga kakannin masu gidan. Amma giginya ta yi wuya ta yi tsada, manyan kurmukanta suna can wajen Gaya da Dallol Mauri, kuma ba a sare ta yadda aka ga dama. Sai mutane suka koma ga farin katako mai laushi, suka rufe shi da silin don kyau. Silin kuwa labule ne ga gara: tana ci a ɓoye shekara da shekaru, ba a sani ba sai ranar da ƙusa ta saki.

Matan Birni ba su da wani sirri a kan wannan, sai naci. Ana duba bango da bayan gado da bayan akwati kowane mako, a karya duk hanyar da aka gani. Ba a ajiye kome kai tsaye bisa ƙasa: akwatin tufafi bisa duwatsu, itacen girki bisa dakali nesa da ɗaki, tabarma a naɗe a rataye, littattafan Malam cikin gafaka a jikin maratayi. Ana zuba toka a gindin dirkar rumfa da kewayen dashe. Amma duk wannan kora ce kawai. Garar da ake gani ma'aikata ne, uwarsu tana can cikin suri, wani lokaci a kangon da ke bayan gida, tana zuba ƙwai dare da rana. In ba a tone surin aka fitar da ita ba, an yi aikin banza. Kango a unguwa kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, sai maza sun haɗa kai. Ga kuma abin lura: in shinge suka fito daga cikin ɗaki bayan ruwan farko, ba daga waje suka biyo fitila ba, to gidan gara yana ƙarƙashin ɗakin ne.

Ruwan da ake nema ido rufe wata 9, shi ne abin tsoro a sauran wata 3. Kafin damina ta faɗi ana hawa soro a yi yaɓe, a share ganyen bedi daga bakin indararo, a duba ko tsakar gida tana gangara zuwa rariya. A ranar 3 ga Satumba 2024 ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, wanda duk mai zuwa garin yake zuwa gani. Daminar shekarar nan ta fi ƙarfin gine-gine da yawa a faɗin ƙasa, har waɗanda ake kula da su. Tun daga nan, duk wanda na yi hira da shi kan ruwa sai ya kawo zancen masallacin, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi nasa soron. Abin da ke hannun mai gida kaɗan ne, amma yana da amfani: kada ruwa ya kwana bisa rufi, kada ya kwana a gindin bango. Mai toshe rariya a yau ba ganye ba ne kaɗai, baƙar leda ce. An kafa dokar hana irin wannan leda a 2014, amma ku je ku dubi ƙayar bayan gari.

Inda ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Daga ƙwai zuwa mai fiffike bai fi kwana 10 ba a lokacin zafi. Mutane suna ɗora laifin duka a kan tafkunan gari, kuma suna da nasu rabon, amma sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ɗan ruwa mai tsabta da rana ke bugu: kwarin da ke tsakar gida, ramin da aka ɗebi ƙasar gini, sawun mota a lungu. Na kwata mai wari wani iri ne daban, shi ya fi kuka a kunne. Akwai kuma mai zanen fari da ke haihuwa cikin tsohuwar taya, da gwangwani, da randar da ba a rufe ba, mai cizo da rana. Kwandon yashi 2 a cikin kwari, da kife duk abin da zai tari ruwa, da wanke kaskon kaji, sun fi hayaƙin ɗoɗɗoya aiki, ko da yake ina son ƙamshinta. Gidan sauro kuwa ba abin da ke maye gurbinsa.

To, ga maganar guba. A kasuwar Dole da kan teburan bakin hanya, kamar a sauran kasuwanninmu, ana sayar da ruwan da ake ce wa piya-piya, sau da yawa cikin kwalbar da ba rubutu a jikinta. Abin da ke cikinsa galibi diklorbos ne, guba mai ƙarfi da ke kama jijiyoyi, ta ƙwaro da ta mutum duka. Na ga an yayyafa shi a ɗakin kwana saboda kuɗin cizo, aka rufe ƙofa, da dare aka shimfiɗa yara a ciki. Na ga an fesa maganin gona a kan zogale saboda tsutsar nan, bayan kwana 2 aka tsinke ganyen aka yi kwaɗo. Ga kuma ƙwayar da ake ce wa bom, wadda ake sa wa hatsi: ita iska mai kisa take fitarwa da zarar ta ji danshi, iskar kuma tana ratsa buhu da ƙofa. Buhun waken da aka sa wa bom ba ya kwana a gidan da mutane ke kwana, ko da a ɗakin da ke kusa ne. Masu yin haka ba mugaye ba ne, iyaye ne da ƙwari suka hana ƴaƴansu barci. Amma mai sayarwa bai karanta ba, mai saye bai karanta ba, kwalba kuma ba ta magana.

In tsautsayi ya faru, yaro ya sha ko ya shaƙa, alamunsa su ne dalalar miyau, da gumi, da amai, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi. A fitar da shi iska, a tuɓe tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a ruga likita tare da kwalbar. Kada a ba shi madara ko mai, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Abin da muka gada na ɗura nono ko manja yana iya ƙara wa gubar saurin shiga jiki, ga ɓata lokaci.

Abin takaici shi ne maganin tsutsar zogale yana zube a ƙasa ana share shi kullum. Ƴaƴan bedi da jemagu suka tsotse suka yar, in aka tara su aka shanya a inuwa, aka daka wajen rabin kilo aka jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, aka tace da ƙyalle aka ɗan sa sabulu, ana yayyafawa da marece a saman ganye da ƙarƙashinsa. Ba ya kashewa nan take yadda mutane suke so su gani, yana hana tsutsa ci ne da girma, don haka sai an maimaita bayan mako. Yana taimakawa kan darɓa ma. In tsutsa ta riga ta gama da itacen, a sare shi daidai ƙugu, zogale ba ya fushi da sara, zai tofo sabo. Wake kuwa, tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi 3 da ake kira PICS, wanda masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suka yi aiki a kansa: ana ɗaure shi tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba da magani ba. Kuɗin cizo ma zafi ne ajalinsa: a fitar da gado da katifa rana, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗar katako, a liƙe tsagar bango.

Na leƙa sababbin unguwanni kuma, inda ma'aikata da ƴan kasuwa suka yi gini. Can an shafe tsakar gida da siminti ko pabe daga bango zuwa bango, an bar ƴan ramuka ga itacen etajer, ɗan asalin Madagaskar mai rassa hawa-hawa, da furanni a jikin katanga. Da kyau a ido, kuma ba ni da faɗa da fure. Sai dai simintin yana shan rana wuni guda ya amayar da ita da dare, har a kasa kwana a waje da bazara, kuma ruwan sama duka lungu yake fita, ya zama rabon maƙwabcin da gidansa ke gangare. Wasu furannin kuma ba na gidan yara ba ne. Wanda ake ce wa loriye-roz, mai siririn ganye da jan fure, guba ne daga ganye har saiwa, haka ɗan'uwansa mai rawayan fure kamar mazurari. Ƴaƴan zurma da na bi-ni-da-zugu ma yara kan ɗauke su gyaɗa. A gidajen haya kuwa ba siminti ba fure, sai igiyar shanya, don ba wanda ya san ko zai kai lokacin cin abin da ya dasa.

Ranar Lahadi Inna ta ce in raka ta Mirya, kilomita 18 gabas da gari, inda ƙasa ke da ruwa kusa, ga garake, ga kukoki tsaye cikin gonaki, ga tukwane da randuna jere a kasuwa. Randa ta je saye, amma ta tsaya wurin mai dashe. Ta ɗauki lemu mai aure, wanda kan fara ƴaƴa cikin shekara 3, ta juya kowane ganye tana duba bayansa, ta mayar da guda 2 saboda ta ga farin ƙwaron nan mai kama da auduga maƙale a hammatar reshe. Mai dashe ya ce, «Hajiya, ai wannan ruwa ɗaya zai wanke shi.» Ta ce, «To, ɗana, bari ruwan ya wanke, in dawo.» Ta ɗauki na uku.

Da muka komo gida ba ta dasa ba sai da la'asar ta yi sanyi. Aka haƙa rami kamu 1 da rabi, aka cuɗa ƙasa da tsohon takin tumaki wanda ya riga ya huce, domin ɗanye yana kiran gara, aka barbaɗa toka, aka binne ƙaramin tulu a gefe. Sa'an nan ta sa jikokinta maza suka kewaye dashen da tubali hawa 6, da ƴan tagogi don iska, aka ɗora ƙayar magarya a sama. Duk wannan ganuwa ba don gara ba ce, ba don tsutsa ba. Jar akuyar gidan tana ɗaure a turke, ta daina tuƙa, tana kallon aikin tun daga farko har ƙarshe.